Na je Kano hado lefe da sefa a aljihuna

Tun kafin azumi ake maganar auren kanina amma sai bayan Babbar Sallah ta 2025 aka tsaida rana, Inna tace ni zan je Kano hado lefe tunda ni ne babba kuma na dan san gari, ga kaninta, wato Kawu, yana da shago a Kantin Kwari shekara da shekaru. Ni a Damagaram nake, nan aka haifeni nan nake aiki, amma dangin uwa duk suna Kano, Fagge da Kurna da Rijiyar Lemo, don haka Kano ba bakon gari bane a wajena, sai dai rabona da ita tun kafin juyin mulkin Yulin 2023 da aka rufe iyaka aka yanke mana wuta, sama da wata bakwai ba shiga ba fita sai wanda ya bi ta daji.

Da asuba muka tashi, muka bi ta Matamaye zuwa Dan Barto. Abinda na fara lura dashi tun bamu tsallaka ba shine kwalaben esansi, wato fetur, na bakin titi, yan ruwa-ruwa muke ce musu, a Kano kuma yan bumburutu. Da can duk inda ka waiga kwalabe ne jere a kan tebur rana na haska su kamar zuma, kuma duk man Najeriya ne alhali ga matatarmu ta SORAZ nan kusa damu tun 2011. Dalilin ba boyayye bane, lokacin gwamnatin Najeriya na biyan tallafi lita bata kai naira 200 ba a gidan mai, mu kuma 540 na sefa muke saye, in ka canza kudin sai kaga namu ya kusa ninka nasu sau uku, to wa zai hana yaro mai mashin daura jarkoki ya yanki daji? Ranar 29 ga Mayu 2023 Tinubu ya hau mulki yace tallafi ya tafi, cikin kwana biyu uku lita ta koma naira dari biyar da wani abu, daga baya har ta taba dubu, mu kuma a Yulin 2024 aka rage namu zuwa 499. Sana'ar bata mutu ba amma ta rame, teburin da ake jera kwalba talatin yanzu biyar ce ko shida. Direbanmu yace shi kansa da jarka ya fara, da ita ya sayi motar da muke ciki, yace yanzu ko dansa bazai ba shawarar ya shiga ba. Mai iri daya, mota iri daya ke shan sa, amma sa hannun mutum daya a Abuja ya canza rayuwar kauyuka a kasar da ba tashi ba.

Daga Kongolam zuwa Daura, Kazaure, Dambatta, shinge ne bayan shinge, direba ya nannade yan kananan kudi ya jera a gaban sitiyari, a kowanne sai ya mika hannu ta taga a daga masa itace. Babu takarda babu rasit. Wata tsohuwa a bayana tace Allah ya kyauta, muka ce amin, amma ni a raina nace wannan kudin ai ba daga aljihun direba yake fita ba, yana cikin kudin motar da muka biya a tasha, kuma in buhu ne aka dauko yana cikin kudin kwanon da wata zata auna gobe. Muka shigo ta Dawanau manyan motoci sun cika gefen titi da buhunan hatsi da ridi, muka wuce Mil Tara na sauka na tari adaidaita sahu zuwa Fagge.

Ko ruwa ban gama sha ba Kawu yace, wato ku ne kuka hana mu raguna bana ko? Nace Kawu ai ba mu bane, daga sama abin yazo. A watan Mayu, ana saura yan makonni Sallah, gwamnatinmu ta hana fitar da dabbobi waje don farashi ya sauko ma yan kasa, kuma ya sauko din, na ga raguna a kasuwa kamar a roke ka ka dauka, masu kiwo kuwa da suka yi wata shida suna turka rago da dusa da harawa don su kai Maigatari sun yi kuka da hawayensu. A Kano kuma Kawu yace mutane da dama da suka saba yanka rago bana hada kudi suka yi a sa, wasu ko hakan basu samu ba. Tsakanin inda ragon yayi kwantai da inda ya gagara ba'a fi tafiyar rabin yini ba. Na bude jaka na fito da tsaraba, cuku da kilishi da dabino, sai katan din taliya yar Aljeriya da madarar Lahda wadda matar Kawu ta yi ta jaddada min a waya kar in manta. Wadannan kuma su ne suka fi arha a wajenmu, don Aljeriya na tallafa ma abincin yan kasarta, sai kayan su gangaro ta Tamanrasset su biyo Agadas su iso mana da sauran arhar a jikinsu. Tallafi ai haraji ne aka kifa, a daya gwamnati na karba a kan kaya a daya kuma zubawa take, kuma duk inda aka zuba sai ya malala ya tsallake iyaka.

Washegari Wapa muka fara zuwa canji. Nan ma sai da aka dan yi gyaran harshe don mu in muka ce jaka guda sefa dubu muke nufi, dala kuma biyar ce, a Kano kuwa tsofaffi in suka ce jaka naira dari biyu suke nufi, dala kuma ta Amurka. Dan canjin ya danna kalkuleta ya juyo min da ita, jaka guda ta sefa ta haura naira dubu biyu da dari biyar. Wallahi sai da na sake dubawa. Na tuna zuwana a 2014 jaka bata kai naira dari hudu ba. Ba wai mun yi arziki bane a tsakanin nan, ni dai albashina bai ninka ba, sefa ce ke daure da kudin Turai, yuro guda sefa 655 da yan kai, baya motsi, ita kuma naira tun da aka sake ta a Yunin 2023 ta tashi daga wajen 460 a dala guda a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a farkon 2024. Na kawo kudi a aljihun riga daya, aka yi min transfa zuwa asusun dan Kawu saura kuma aka bani dauri-dauri a leda baka, na fito ina jin kaina kamar wani attajiri, kuma wannan jin shi ya jawo min abinda zan fada a gaba.

Kantin Kwari sai wanda ya gani. Layi-layi, gida-gida, bene kan bene, yan dako na ta a bada hanya a bada hanya da dila a ka, ka ji Zabarmanci nan ka ji Larabcin Chadi can, ga mutanen Kamaru ga namu na Maradi da Tawa, kowa da kalkuleta a hannu. A shagon Kawu na zauna kan dila aka kawo min shayi, yaransa suka shiga zaro atamfofi da leshi da material, aka aika makwabta aka kawo shadda. Akwai wata atamfa da na taya a Damagaram sati daya kafin in taso, iri daya zane daya har lambar da ke jikin takardar, da na maida kudin Kwari zuwa sefa sai naga ta gaza ta gida da kusan kashi daya cikin hudu. Nace Kawu tsakani da Allah yan kasuwarmu basa tsoron Allah. Ya ajiye kofin shayinsa yace kul, kar in kara ji, baka san abinda mutum ya biya ba kafin ya rataye zane a shagonsa.

Daga nan ya zauna ya warware min, kuma rabin abinda na rubuta nan daga bakinsa na ji shi. Yace wannan turmin daga China ya taso, kudinsa da dala, kudin jirgin ruwa da dala, inshora da dala. In kwantena ta sauka Legas sai kudin fito, shi kuma ba'a kan kudin kaya kadai ake yanka shi ba, a kan kaya da jirgi da inshora gaba daya, sannan a dora wasu kananan kaso, sannan VAT ta hau kan jimlar duka har da kudin fiton, haraji a kan haraji kenan. Kuma da farashin dala na lokacin ake lissafi, shi yasa a 2024 mutum zai yi odar kaya da lissafi daya kafin jirgi ya iso kudin fito ya ninka alhali ko kaso daya ba'a kara a doka ba, naira ce kawai ta zame. Bayan nan ga kudin ajiya a tashar ruwa in takardu suka makale, ga tirela ta sha gas kilomita dubu zuwa Kano, ga shingaye, ga yan dako, ga hayar shago a Kwari wadda yace ita kadai ta isa ta sa mutum hawan jini, ga janareta. Yace ribata a turmin nan in na fada maka sai ka tausaya min, yawan da nake saidawa ne ke rike dani.

Nace to mu namu me yasa ya fi? Yace ku lissafa naku mana. Na lissafa kuwa. Mu bamu da teku. Da ta Kwatano kayanmu ke shigowa su tsallako gadar Malanville zuwa Gaya, tun 2023 gadar nan a rufe take, yanzu sai ta Lome a ratsa Burkina ana jiran rakiyar sojoji, motoci su yi makonni a hanya, in sun iso Yamai kuma saura kilomita wajen dari tara kafin Damagaram. Kudin fito kusan tsari daya muke bi da Najeriya tun 2015, aji biyar ne, akwai kayan da ba'a karbar komai, akwai na kashi 5, na 10, na 20, na 35, amma a harajin saye muka rabu, su VAT dinsu kashi 7.5 ne tun Fabrairun 2020, kafin nan ma 5 ne, mu kuwa TVA dinmu kashi 19. A ce kaya sun iso bakin ruwa a kan 100 aka yanka musu fito na 20 sun zama 120, in ka dora na Najeriya sun tashi 129, in ka dora namu sun kusa 143, tun mota bata tashi ba kenan. Ga kuma rabin kashi daya da kasashen AES, wato Nijar da Mali da Burkina, suka sa a kan kayan waje a Maris din 2025 bayan mun fita daga CEDEAO, wato ECOWAS, kadan ne amma shima a kan turmin zai kwanta. Na yi shiru don mai shagon da na zaga a raina makwabcinmu ne, tare muke sallah.

Wani dattijo mai shago a gefe da ke sauraronmu yayi dariya yace yaro ai shekarun baya da aka hana shigo da atamfa Najeriya, da yawan abinda kuke zuwa saye nan ta kofar gidanku ya wuto. Daga Kwatano a rubuta kayan wucewa ne, basa biyan cikakken fito a Nijar tunda ba nan za'a saida su ba, su sauka Maradi, dare yayi su shigo, ku kuma ku biyo bayansu da kudin mota ku saya ku koma dasu. An yi hanin ne don a kare masakun gida, na Sharada da Bompai da Challawa da na Kaduna, amma masaka bata aiki da doka kadai sai da wuta, wutar kuma babu, masakun suka mutu hanin ya bar mu da fasa-kwauri. Haka aka yi da shinkafa da Buhari ya rufe iyakoki a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, injinan casa sun karu a Kano wannan gaskiya ne, amma buhu ya tashi kuma yar waje bata daina shigowa ba, tsada kawai ta kara don mai dauko ta ya kara kudin kasada.

Kwana biyu muka yi muna hada kaya. Akwatuna, takalma da jakunkuna a Sabon Gari, kayan shafa, mayafai. Kayan roba kuwa da Inna ta sa in karo mata a Kofar Wambai, bokitai da kwanduna, arharsu ta fi ta komai don nan Kano ake yinsu, basu hau jirgi ba basu ga tashar ruwa ba. Waya ma an sa a lefen, don yanzu in babu ita sai an yi magana, muka je Farm Centre. Tecno din da na sani a gida na same ta kasa da kudinmu, yaron shagon yace min Alhaji nan in ka kara dari biyar a kan waya mai saye taku uku zai yi ya samu wani, shaguna sun fi a kirga. Kasar da ke da mutum sama da miliyan 200 dila zai dauko kwantena-kwantena a rage masa, mu da bamu kai miliyan 30 ba dan kasuwarmu katan biyu zai dauka, watakila ma daga nan Farm Centre din, ya biya mota ya biya duwan, wato kwastan, ya dora ribarsa.

Wajen gwal ne lissafina ya watse. Na shiga da karfin gwiwa ina cewa nan ma zan samu sauki, mai shagon ya dora dan kunne da zobe a sikeli ya duba wayarsa ya fadi kudin giram, na maida shi sefa, kusan daidai da na gida, bambancin bai taka kara ya karya ba. Yace min gwal ai farashinsa daya ne a duniya, Dubai da Makka da Kano, abinda ke bambanta kudin aiki ne da dan haraji, don abu ne da mace zata sa a kunne ta hau jirgi dashi, in yayi arha a wani gari kwana biyu za'a kwashe shi. Na fito ina juya maganar, da yamma na shiga aski a Fagge aka yi min tas har da gyaran gemu a kudin da in na maida shi sefa ko kwalbar lemo biyu bazai saya min ba a gida. Wani Alhaji da ke jiran layi yace shi da ya je Umara riyal goma aka karba a aske masa kai kawai, wajen naira dubu hudu kenan, aska daya kai daya. To aski ba'a sa shi a akwati a kai wani gari, dole kudinsa ya bi karfin aljihun mutanen unguwar da hayar shagon. Siminti kuma yana tsakiya, ana iya dauka amma nauyi gareshi, kudin mota ke cinye bambancin, shi yasa kowace kasa da nata farashin, mu a Oktoban 2024 da gwamnati ta yafe masa wasu haraji a idonmu buhu ya sauko, wanda ya dade da tsaida gini ya koma ya kira magina. Wannan na gani da idona, don haka duk mai ce min haraji baya taba farashi bazan saurare shi ba.

Alhajin nan na wajen aski shi ya kara min da labarin Saudiyya, yace da can ba su san wani VAT ba sai a Janairun 2018 aka fara da kashi 5, a Yulin 2020 lokacin korona aka maida shi 15, yan Kano masu sarin jallabiya da abaya da turare da yawa suka karkata Dubai inda har yanzu 5 ne. Lemon kwalba ma can a lokacin an dora masa harajin rabin kudinsa, taba sigari kuma ninki, da gangan don a rage sha, amma fetur lita riyal biyu da yan kai. Kowace gwamnati da abinda take dannawa da abinda take dagawa. Yace amma abu daya da ya burge shi, ko ruwa ka saya a shago za'a baka rasit an rubuta ga kudin kaya ga na gwamnati.

Ni ma a tafiyar nan sau daya tak na ga haraji da idona, a wani babban shago a Zoo Road inda na sayi turare da man shafawa, can kasan rasit an rubuta VAT 7.5 da kudinsa a gefe. Na nuna ma Kawu da dare muna zaune a kofar gida. Yace kaga wannan, mutanenmu da yawa gani suke tun da Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979 talaka ya huta da biya. Da mai unguwa ke zuwa kofar gida, mutum ya saida akuya ko ya gudu ya bar gari, kowa ya san zafinsa kowa ya san nawa ne, irin lanhon da ku har yanzu kuka sani. Yanzu ba mai zuwa kofar gidanka, yana cikin sabulu, yana cikin katin waya, yana cikin turmin zane, mai dako da mai bene kudi daya suke biya a kan sabulu daya. A lokacin ana ta maganar sabbin dokokin haraji da Tinubu ya sa ma hannu a karshen Yuni wadanda aka tsara su fara aiki a Janairun 2026, an so a kara VAT din aka yi ta ja-in-ja har da gwamnonin Arewa a kan yadda za'a raba kudin, a karshe aka bar shi a 7.5. Ni bana cikin masu cewa kar a biya haraji, asibiti da makaranta da titi ba da addu'a kadai ake yinsu ba. Abinda ke ci min rai shine mutum ya biya bai san ya biya ba, wanda bai san ya biya ba kuma bazai taba tambayar ina aka kai ba, sai ya huce a kan mai shago. Na shingen hanya kuwa wanda ko baitulmali baya isa, wannan zalunci ne kawai.

Ana gobe zan tafi na raka Yaya, babbar yar Kawu, kasuwar Singa zata yi sayayyar wata. Malamar firamare ce, mijinta ya rasu, yara hudu. Muna tsaye gaban wani shago ta tambayi buhun shinkafa yar gida aka ce dubu sittin da wani abu, ni kuma kaina ya riga ya saba, nan take na raba da biyu da rabi na maida sefa, bakina ya subuce nace kai amma da arha wallahi. Bata ce komai ba. Ta dan kalleni ta maida kai ta ce ma mai shagon ya auna mata kwano uku, ta sa aka raba katan din taliya biyu ta dauki rabi, sabulu ta kirga guda shida ta maida biyu. Sai da muka shiga adaidaita ta rike ledojin a cinya sannan tace, kanina kasan mafi karancin albashi a jihar nan dubu 71 ne? Buhun da kace yayi arha kusan albashin wani ne na wata guda, bai biya haya ba bai sayi itace ba. Tace kuma wai a haka ya sauko ne, bara sai da ya kusa dubu dari kafin a dage harajin shigo da abinci na wasu watanni, ya sauko mu mun dan numfasa manoma kuma suna kuka sun sayi taki da tsada.

Wallahi har muka iso gida ban iya daga ido na kalle ta ba. Kwana hudu ina yawo a garin nan ina ta murna da arha, ban tsaya na tuna cewa arhar tawa faduwar kudinsu bace, abinda ya sa ledata ta cika a Wapa shi ya sa tata ta rage a Singa. Mu ma ba wai dadi muke ji ba, mafi karancin albashinmu jaka 42 ne kuma mutum nawa ne ma ke da albashin, in na koma gida nima haka nake tsayawa gaban mai shago ina maida sabulu. Na bata hakuri tace haba ba komai ai baka yi karya ba, a wajenka da arha. Wannan ba komai din ya fi min zafi da ace fada tayi min.

Da safe yaran Kawu suka daure akwatuna a buhu aka dora a saman mota. Kudin kaya daban da na mutum, shingayen da muka baro suna nan inda suke sai ma karin da aka yi mana don an ga kaya a sama. A Dan Barto aka sauke komai aka bude aka kirga turame, aka yanka min kudin duwan na biya aka bani takardata, wannan ban yi jayayya ba don na san inda doka tace ya tafi, na ninke takardar na sa a aljihu tare da rasit din Zoo Road. A mota na fito da biro na hada lissafi a bayan ambulan, kudin zuwa da dawowa, na kaya, na hanya, na duwan, dan abinda dan canji ya ci, sai naga kashi daya cikin hudun nan da nake ta murna dashi ya dawo bai fi daya cikin goma ba, kuma da turmi biyar kawai na je saye da faduwa zan yi.

Bayan isha muka iso. Inna da kannenta suka baje akwatuna a tsakar gida ana haska fitila ana guda, ta daga atamfar nan da na fara tayawa tace wannan nawa ka sayo ta? Na fada mata kudin Kwari, na kuma fada mata abinda ta tashi kafin ta iso tsakar gidan nan, tace to ai da kadan ta fi ta makwabcinmu sauki. Nace eh Inna, da kadan. Da safe na bi ta shagonsa muka gaisa na sayi hula biyu da aka manta ba'a sa ba, ban nemi ragi ba, daga nan na wuce kasuwa na sa aka daure katan biyu na taliya da madara na kai ma direban nan mai tsohuwar sana'ar jarka, na rubuta masa lambar dan Kawu a jiki nace in ya isa Kano a kai ma Yaya.